Aiken da Bai Isa Miskine Ba

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za a mai da mu, babba da yaro. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya riga ni tafiya. Ya cika da hantsi a gidansa na unguwar Kilomita Biyar, a nan Bangui, kafin la'asar maza sun kai shi sun dawo suna karkaɗe jar ƙasa daga takalmansu.

Mu mata muna cikin gida a kan tabarmi, masu gaisuwa suna ta shigowa, na unguwar Kokoro da na bayan kasuwa, har da matan masu manyan shaguna da turarensu. Wannan ta ce, "Allah ya ji ƙan Alhaji, sahun farko ba ya wuce shi." Waccan ta ce, "Alhaji ba ya ganin yaro a titi bai tambaye shi ɗan gidan wa ba ne." Wata tsohuwa mai kawo mana ganyen rogo daga unguwar Miskine ta durƙusa tana kuka da Sango, yaren ƙasar nan, wai shi kaɗai ne namijin da ke sauke mata kaya da hannunsa. Duk gaskiya suka faɗa. Amma na kasa kunne har rana ta faɗi, ban ji bakin da ya ce soja ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin kaki, ya kai Kumanda, ƙasa ta rataya masa lambobi a ƙirji, sai ga shi ana yabonsa kamar wanda ya tsufa a kan buhun shinkafa. Na ɗaga kai na dubi bangon da hotonsa yake, wanda ya ɗauka da hular soja. Ƙusa kaɗai ta rage.

Abu ɗaya Yaya ya roƙa a duniyar nan, kuma ni ya roƙa: kada a fita da gawarsa sai amininsa na Miskine, wani tsohon soja da muke kira Ajidan, ya tsaya a bakin ƙofa ya sara masa. Ba a yi ba. Ni ban zauna a gaban malamin boko ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita, don haka zan faɗi wane ne Yaya da yadda aka yi wannan amana ta zube.

Babanmu farke ne, ya taso daga ƙasar Hausa da goro ya biyo ta Kamaru har ya yada zango a nan. Shago ya so ya bar wa Yaya. Ina ƙarama, wata rana sai ga Yaya ya shigo da kai a aske ƙwal, da wasu takalma masu nauyi kamar turmi. Baba na alwala, ya ajiye buta.

"Ɗan Bahaushe, a ba shi ma'auni ya ƙi, ya je ya karɓi bindigar gwamnati? Wa za ka harba?"

"Ba kowa, Baba. Ɓangaren masu gina gada aka sa ni."

"Gada! Ai da ka ce leburanci kake so, da na kai ka wurin magina ba sai an aske maka kai ba."

Baba ya daina cin abinci kwano ɗaya da shi, aka daɗe a haka. Sai wata damina motar goronsa ta iso da wuri, direba ya ce ai yanzu ba a kwana a bakin rafin nan jiran ruwa ya janye, sojoji sun yi gada. Daga ranar duk wanda ya zauna a shagon Baba sai ya ji labarin "gadar ɗana", kai ka ce shi ya kai shi barikin da hannunsa.

Daga baya aka zaɓe shi aka tura shi Jamus ƙarin koyon aiki. Can ya haɗu da mutumin da bai daina ambato ba har ya mutu, wani Kanal Bajamushe da ya koyar da su. Ni ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi kamar maƙwabci. Yaya ya ce tun yana saurayi aka ɗauke shi babban yaƙin Turawa, yana ɗaura gada sojojinsu na tsallakawa. Da yaƙi ya juya musu baya, shi aka riƙa sa wa ya fasa gadojin da ya gina da hannunsa, wani lokacin ma da sauran nasu a wancan ƙetaren. Sanyi ya cinye masa yatsun hannun hagu. Aka kama shi, ya yi shekaru a tsare a wata ƙasa mai ƙanƙara, ya dawo gida ya tarar ba gida, ya yi aikin birkila. Da ƙasarsu ta sake kafa soja aka kira shi, ya yi ta hawa har ya kai Kanal. Yana da wata babbar lamba ta jarunta, amma ba ya rataya ta. Ya gaya wa su Yaya da bakinsa cewa shugaban da ya yi wa yaƙin azzalumi ne, kuma 'ya'yansa ba sa son ganin lambar a gida.

Sau ɗaya Yaya ya gan ta a jikinsa. Wani ɗan Afirka cikin masu koyon aikin, ba ma ɗan ƙasarmu ba, ciwon haƙarƙari ya kashe shi, ba dangi ba kowa. Za a saka akwatin gawarsa a mota a wuce da shi kamar kaya, sai Kanal ya fito da lambobinsa duka, ya jera kowa cikin ƙanƙara, ya ƙame, ya ɗaga hannu ya sara har motar ta ɓace. Ya ce musu sojan da aka fita da shi ba wanda ya sara masa, kamar korarsa aka yi daga aiki. Wannan magana Yaya ya ɗauko ya kawo Bangui, ita da agogo, wato kiyaye lokaci.

Agogon nan kuwa mun sha wahalarsa. Ranar ɗaurin auren 'yata ta fari aka ce da safe. Yaya ya zo ana shimfiɗa tabarmi, ya zauna shi kaɗai, takalmi na ƙyalli. Dangin ango ba su iso ba sai da rana ta take. Yana hango su ya miƙe ya kaɗe riga.

Na aika a tare shi, na fito har zaure. "Yaya, ina za ka? Kai ne waliyyi!"

"Ɗaurin auren da aka gayyace ni an tashi tun ɗazu. Wannan wani ne, ba a gaya mini shi ba."

Sai da na durƙusa har ƙasa, ina ce masa Bajamushen banza a cikin zuciyata, sannan ya koma ya zauna yana murmushi ƙasa-ƙasa.

Bayan ya ajiye aiki, lambatun Kilomita Biyar suka zama barikinsa. Duk katakon da mai shago ya gitta a bakin ƙofarsa don masu saye su tsallaka, Yaya sai ya hau ya yi tsalle a kai, da furfurarsa da carbinsa. In ya ji ya yi ƙara, mai shago ya shiga uku. "Wannan gada ce ko tarko? Mai ciki za ta bi nan!" Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, amma washegari za ka ga sabon katako.

Ajidan a ƙarƙashinsa ya yi aiki tun suna samari. Kirista ne, mutumin bakin kogi, dogo, mai dariya kamar ana fasa itace. Hausarsa a wurin Yaya ya koya, rabinta zagi ne rabinta ciniki. In ya zo gidanmu sai ya leƙo madafa ya ce, "Ƙanwar Kumanda, yau ma wannan tuwon naku mai kama da siminti?" In ce, "Ya fi gozonku na rogo da ke manne wa mutum a wuya." Ya cinye kwano biyu ya ce bai ƙoshi ba.

Su da sauran abokan aikinsu na ɓangaren gada suka ɗaure alkawari irin na Kanal: duk wanda ya riga, sauran za su sa kaki su tsaya a bakin ƙofa su sara masa lokacin da za a fito da shi. Yawancinsu Kiristoci ne, don haka Yaya ya yi ta zuwa gidajen makoki a Miskine da unguwannin gaba, har bakin coci. Magana ta yi yawa a masallaci. Wata rana bayan azahar liman na lokacin ya zo har zaure, ni kuma na kawo fura, na tsaya bayan labule.

"Alhaji, mutane na cewa an gan ka ka ƙame wa akwati mai gicciye."

"Ba ƙarya suka yi ba, Malam."

"To ina hujjarka?"

"Ni ban yi musu sallarsu ba, ban ce amin a addu'arsu ba. Mutumin da ke cikin akwatin nan ya riƙe igiyar da nake rataye a kanta a tsakiyar kogi, bai saki ba. Hannu kawai na ɗaga masa. In akwai laifi a ɗaga hannu, ka gaya mini in ji."

Liman ya sha furarsa ya tashi. Ba su ƙara tayar da zancen ba, amma akwai waɗanda suka daina ba Yaya hannu da kyau tun daga ranar.

Sai shekarun tashin hankali tsakanin Musulmi da Kirista suka zo, waɗanda ba sai na ba kowa a nan labarinsu ba. Kilomita Biyar, unguwarmu ta Musulmi, ta zama kamar rijiya, muna ciki ba fita. Ƙaramin ɗan Yaya ya fita neman magani, aka tare shi a hanya, bai dawo da rai ba. Waɗanda suka gani suka ce cikin masu tare hanyar akwai masu kaki. A cikin unguwa kuma samarin da suka ɗauki makamai suka sa wa gidan suna gidan turugu, wato gidan soja da Sango, suna zuwa suna dukan ƙofa wai a fito da bindigogin da aka ɓoye. Babban ɗansa, mai shagon kayan babur, shi ya riƙa fita yana ba su haƙuri, shi suka mara a gaban matarsa. Ban manta wannan ba, kuma ba zan rage masa shi ba.

Yaya ya naɗe kakinsa ya sa a ƙasan akwati. Da hanya ta buɗe, mutum na farko da ya tsallako daga Miskine zuwa gidan nan Ajidan ne, yana dogara sanda, ya zo gaisuwar yaron da aka daɗe da binnewa. Suka zauna a zaure su biyu, hawaye na bin gemun kowa. Babban ɗan ya shigo ya gan su, Ajidan ya miƙa masa hannu, ya wuce kamar bai gani ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Yaya, wata la'asar ina ba shi kunu a cokali ya riƙe mini hannu.

"Ƙanwata, cikinmu saura ni da Ajidan. Kada a fita da ni sai ya zo. Ba zai shiga sahu ba, ba zai taɓa makara ba. A bakin ƙofa kawai zai tsaya."

"Ka gaya wa ɗanka mana, shi ne namiji."

"Na gaya masa, ya ce to. Na san irin to ɗinsa, shi ya sa nake gaya miki."

Ranar da ya cika, kowa ya san yadda muke yi: ba a jinkirta gawa, mace kuma ba ta fita. Ajidan kunnensa ya yi nauyi, ba ya riƙe waya, sai dai a je. Ana ɗora ruwan wanka na kama rigar babban ɗan a tsakar gida.

"Ɗan nan, Miskine fa?"

"An aika, Gwaggo."

"Wa ka aika?"

"Mai taksi-moto, ya tafi a babur ɗinsa tun ɗazu. Wallahi an aika."

Ya rantse, ubansa na kwance a ɗaki ba a ko rufe shi da likkafani ba. Wace gwaggo ce za ta ce ƙarya ne? Na koma cikin mata na zauna. Da aka ɗaga makara, mu muna can ciki, bango ya raba mu da ƙofar gida. Mata na salati, ni kuwa na toshe kunnena daga salatin ina neman ƙarar dugadugan takalmi guda ɗaya tak. Ban ji ba. Da suka dawo na tambaye shi, ya ce, "Bai zo ba, Gwaggo. Wai ƙafa ke damunsa."

Ƙafa! Yaya da ya tsaya wa matattunsu cikin rana da ruwan sama, aka ci mutuncinsa a masallaci saboda su.

Ranar sadakar bakwai da safe, ana rabon waina, sai na ji hayaniya a waje, yara na cewa turugu, turugu. Na ja mayafi na ratsa maza na fita, wanda zai yi magana ya yi. Ga Ajidan yana saukowa daga bayan babur, mai babur na tallafe da shi. Kakin ya yi masa yawa kamar na aro, an goge shi har ya yi kaifi, lambobi na lilo a ƙirjinsa.

"Ƙanwar Kumanda," ya ce, "a bakin mai ganyen rogo zan ji? Jiya ta ce mini, Baba, ba ka je gidan abokinka ba? Na ce me ya faru a gidan abokina?"

"Ba a aiko maka ba?"

"Wa ya zo? Kullum ina bakin ƙofata. Ko akuya ta shigo layinmu sai na gan ta."

Na juya. Babban ɗan na tsaye a bakin zaure cikin farar shadda, yana karɓar gaisuwa. Na kira shi ciki, don ban so in tsinka shi a gaban surukansa, Ajidan ya biyo mu yana jan ƙafa.

"Wa ka aika Miskine?"

Ya dubi ƙasa, sannan ya ɗago. "Ban aika kowa ba, Gwaggo."

"Ka rantse mini."

"Na rantse. Allah ya yafe mini wannan. Amma ke kina cikin gida, ni ke zama a kasuwa. Kin san abin da na sha kafin mutane su daina ce mana gidan turugu? Sai ranar da duk Kilomita Biyar ta taru a ƙofar nan in tsayar da mai kaki ya ƙame? Irin kakin da ƙanena ya gani a ƙarshen ransa? Ina da 'ya'ya a unguwar nan. Baba ya tafi, mu za mu zauna."

"Da ka ce mini ba za ka aika ba, da na cire kunya na hau babur da kaina, gawar na ɗaki. Ba ƙin da ka yi ne ya ƙona ni ba. Ka san ba zan ga ƙofa ba, ka san mace ce ni an zaunar da ni a bayan bango, shi ya sa ka ba ni rantsuwa ka wuce. Ubanka ya san halinka, ya kawo amanarsa wurina, kai kuma ka biyo ta har hannuna ka karɓe."

Sai ya ce, a hankali, in Ajidan na so, ga ɗakin Yaya, ya shiga ya yi abin da zai yi, ba mai gani.

Sai da aka maimaita wa Ajidan da ƙarfi da Sango sannan ya ji. Ya girgiza kai.

"A'a, ɗana. Ba a sara wa gado. Mutum ake sara wa lokacin da yake wucewa, a gaban jama'a, don su san wane ne ya wuce. Kumanda ya riga ya wuce." Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya dube ni. "Ni na tsaya wa kowa, shi ma ya tsaya wa kowa. Nasa ya ɓace. Nawa kuma, wa ya rage?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ni na rage. Ban iya sarawa ba, ban da kaki, amma ƙafata biyu. Ranar da za a fito da kai zan tsaya a bakin ƙofarka da mayafina, duk Miskine ta gan ni, in ce ƙanwar Kumanda ce ta zo a madadinsa."

Babban ɗan ya ce, "Gwaggo, gidan makokin Kirista? Da shekarunki? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Kai ka saurare su, tunda kai ke zama a kasuwa."

Allah ya ji ƙan Yaya, ya yalwata masa kabarinsa, ya tsallakar da shi siraɗi cikin sauƙi. Ɗansa ɗana ne, ban tsine masa ba kuma ba zan tsine ba. Yana aiko mini da abinci ranar Juma'a, ina karɓa in ba maƙwabta. Amma saƙo kam, na daina karɓarsa daga bakin kowa. Duk mako nakan sa a tsayar mini da mai taksi-moto, in zauna a karkace ina riƙe da ƙarfe, gwiwoyina na kuka, mu bi ta kangayen da ciyawa ta cinye har layin Ajidan. Ba na sauka. Daga kan babur nake ɗaga murya, don kunnen nasa.

"Ajidan! Kana nan?"

"Ina nan, ƙanwar Kumanda! Ba yau ba ne!"

"To. Kada ka kuskura ka tafi tsakiyar mako."

Sai in ce wa mai babur ya juya.